Mutumin da Ya Kai Layinmu Kamfanin Sabulu

Baba Mai Injin shi ne na farko a layinmu da ya samu aiki a kamfanin sabulun da ke bayan gari. Da shara ya fara. Daga baya aka ba shi injin yanka sabulu, ya riƙe shi har furfura ta cika masa kai. Dogo ne, marar yawan magana, tafin hannunsa kullum a tsattsage saboda sinadari.

Manaja ya yarda da shi ƙwarai. Duk sanda ake neman ma'aikaci sai ya kira shi ya ce, "Kana da wani?" Baba kuwa ba ya rasa wani. Ya kai ƙanensa, ya kai mijin 'yarsa, ya kai mahaifina, wanda a lokacin dako yake yi a kasuwa. A hanya magana ɗaya yake yi wa kowa: "Da sunana za ka shiga. Kada ka ɓata min shi."

Wanda aka kai shi ma sai ya kai nasa. Ina tasowa na tarar kusan kowane gida akwai shuɗin kayan aiki a igiyar shanya. Mutanen wasu unguwanni har tsokanarmu suke yi, wai ɓerayen layinmu ma ƙamshi suke. Mai shago da wanzami da tela duk ƙarshen watan kamfani suke jira. Samari suka daina zuwa koyon sana'a, makarantar ma sai an matsa musu. Idan uwa ta yi faɗa sai ɗanta ya ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki, Baba zai kai ni." Kafintan da ke bakin layi ya rasa masu koyo, ya kwashe kayansa ya koma wani wuri.

Wata safiya ma'aikatan suka je kamfanin suka tarar da kwaɗo a ƙofa. An sayar da kamfanin, sabon mai shi zai kwashe injuna zuwa wani gari. Na gan su suna dawowa a ƙafa da hantsi, kowa da kwanon abincinsa ba a buɗe ba.

A ko'ina idan mutum ya rasa aiki, maƙwabcinsa ne ke jiyo masa labarin wani. Mu kuwa maƙwabcin ma a zaune yake. Duk wanda ka sani, wanda ka sani ɗin ya sani, kuma ƙofa ɗaya tak kowa ya iya. Baba ya goge rigarsa ya riƙa zagaya kamfanoni yana nema wa mutanensa. Masu gadi sukan tambaye shi, "Wa ka sani a ciki?" Can ma kowane wuri da nasa layin da nasa Baban.

Wata rana matar ƙanensa ta tare shi a ƙofar gida, idonta jawur. "Yaya, kai ka tara mu wuri ɗaya. Ga shi mun faɗi tare."

Baba ya ce, "Wanda ya zo min da yunwa, in ce masa ya koma?"

Mahaifina ya samu aikin sito ta hanyar wata mata da mahaifiyata ta haɗu da ita a layin ganin likita, ko gidanta ba mu sani ba. Muka tashi. Wasu ma suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Mai shago ya rufe. Baba ya ƙi zuwa ko'ina.

Bayan na fara aiki a wani ofis na je gaishe shi. Ya rame, yana zaune a kujerar roba a tsakar gida. Ya tambaye ni wa ya kai ni. Na ce ba kowa, jarrabawa na yi.

"Ba kowa?" Ya girgiza kai kamar na ba shi tausayi. Sai ya rage murya. "Ɗana, akwai jikan tela, yana da hankali, zaman banza zai lalata shi. Ka yi masa magana a wajenku."

Na yi maganar har wajen shugabanmu. Aka ce babu gurbi. Ina ta jan ƙafa kan yadda zan gaya masa, sai aka bugo min waya cewa Baba ya rasu.