Wayar da Baba bai gani ba

Duk unguwarmu ta Aboabo cewa ake kwamfuta ce ta kori Baba daga aiki. Wai motocin haƙa na yanzu sun fi ƙarfin tsoho mai gwaji da ƙwan fitila. Ba haka ba ne. Babu injin da ya taɓa gagarar Baba. Ni na kore shi, da bakina, a gaban mutane.

Baba mai gyaran wutar manyan motoci ne, kuma a hannunsa na koya. Tun ina firamare, in na taso makaranta, yake zaunar da ni gefen benci, ya ɗaga waya ya ce, "Wace kala?" In ce ja. "Ina ta nufa?" In ce batir. Haka muka yi har na gama sakandare na kama binsa wurin aiki. Ban da haƙuri, kowa ya sani. Shi kuwa in ya je gaban inji sai ya fara tsayawa ya saurara, sannan fiyus, sannan ya bi waya ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince wake. Har yanzu kuma yana tambayata kala. Na kai shekara ashirin da biyu ana yi mini tambayar 'yan aji ɗaya. Abin yana cina.

Da daminar bara aka kira mu unguwar Dabokpa, inda ake haƙa babbar kwata. Eskabeta ce, motar haƙa mai dogon hannu, ta tsaya da bokitinta cikin taɓo. Injin yana tashi lafiya, amma in direba ya ja sanduna hannun ba ya motsi. Ni na tuƙa babur, Baba a baya. Ya daɗe da bar mini tuƙi, wai gwiwa.

Mai kwangilar mutumin kudu ne, Hausarsa ta kasuwa. "Masta, sannu da zuwa. Makaniki biyu ya zo, ya duba, ya gudu. Kai ne ya rage."

Baba ya yi dariya. Ya sa direba ya sauke sandar tsaro da ke gefen kujera, wadda sai an sauke ta hannun ke aiki. Ya kara kunne. "Sake." Aka sake. "Babu ƙas," in ji shi. Akwai wani ɗan makunni a ƙarƙashin ɗakin direba da ke buɗe wa mai hanya, in wuta ta kai gare shi yakan yi ƙas. Bai yi ba. Ko dai ya mutu, ko wuta ba ta isa.

Fiyus lafiya lau. Sai Baba ya ce zai ba makunnin wuta kai tsaye daga batir ya ji ko yana da rai. Muka shiga ƙarƙashi, ya cire soket mai wayoyi da yawa. Ni kuma na zaro wayar salula ina neman ma'anar lambar da allon motar ya nuna, don a ganina hanyar ta fi sauri.

"Wace kala ce wannan?"

Ban ɗago ba.

"Uwata, wace kala?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Haba Baba, na gaji da jarrabawa. Ka yi aikinka."

Ya koma kan soket ɗin. Da na ɗago, sai na ga ya kai wutar batir dab da wata siririyar waya shuɗiya. Ita kuwa wannan wayar, kwamfutar motar ta nufa. Da ta taɓa, shi ke nan, ta ƙone. Koriya ake nema, tana nan kusa da ita. Na doke hannunsa. Hannun Baba na doke, har wayar ta faɗi cikin taɓo.

"Shuɗiya ce! Za ka ƙona musu mota! Ba ka gani ne?"

Da ƙarfi na faɗa. Direba ya ji, leburori sun ji, har matar da ke sayar musu da shinkafa da wake ta ji. Wani ya yi dariya. Mai kwangila ya leƙo ya ce, "Ei, Masta, yarinya naka ya fi ka yau."

Baba ya sunkuya. Ya laluba taɓon da hannu. Wayar tana nan gaban gwiwarsa, ja, ba ta ɓuya ba, amma sai da ya yi ta shafa ƙasa kafin ya same ta. Ina kallo. A nan na gane tuƙin babur, na gane dalilin da ya daina karanta takarda ya ce in karanta masa, na gane tambayar. Ba jarrabawa ba ce. Ta daɗe da daina zama jarrabawa.

Ya goge wayar a rigarsa ya miƙo mini. "Ƙarasa."

Na ba koriyar wuta, makunnin ya yi ƙas. Yana da rai. Na bi wayar baya, na tarar ta goge a gefen ƙarfe ta tsinke a cikin robarta. Na haɗa, na naɗe. Hannun eskabeta ya tashi, leburori suka yi ihu. Baba yana zaune a kan bulo, yana murmushi wajen da yake jin ihun.

A hanyar gida na ce, "Baba, tun yaushe?"

"Kula da yalo-yalo ɗin can," in ji shi, yana nufin keken haya mai ƙafa uku.

"Ba ka ma gan shi ba. Tun yaushe?"

"Na ji shi."

Da ƙyar ni da Mama muka kai shi asibitin ido. Likita ta ce ciwon ya daɗe yana ci daga gefe, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tsare ragowar da magani. Ta tambaya ko ba wanda ya lura a gida. Mama ta dube ni, don ni ke tare da shi kullum.

Tun ranar bai sake ɗaukar jakar aiki ba. Yana zama a ƙofar gida da rediyo. In masu mota sun zo, sai ya ce, "Tana ciki," ya kira ni. Na ba shi haƙuri sau uku. Kullum cewa yake, "Ai gaskiya kika faɗa, kin ceci motar mutane." Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Jiya aka kira ni unguwar Sakasaka, wata eskabeta tana mutuwa in ta yi zafi, ta tashi in ta huce. Na yi wuni guda a kanta ban gano komai ba. Ko da na gano ma, da haka zan gaya wa Baba. Gobe da safe zan tsayar da babur a ƙofar gida, in ce masa aikin ya gagare ni, ya zo ya saurara mini. Zai ce gwiwa, zai ce rana. Ba zan tayar da babur ba sai ya hau.