Sitiyarin da Malam Hashim Ya Sassauta

Duk direban da ya san cikin birni ya san Malam Hashim mai gyaran sitiyari a gindin Goron Dutse. Mutum ne mai ƙarancin magana, ga taurin kai kamar me. Ba ya tambayar mai mota abin da ke damunta. Tafin hannu zai ɗora a kan sitiyari, ya murɗa dama, ya murɗa hagu, ya faɗa maka ko famfo ne ya gaji ko mai ne ke yoyo. Idan ya gama gyara kuwa, gwajinsa ɗaya ne shekara ashirin da wani abu: ya zaga dutsen, ya kutsa lungunan Gwale, ya ratsa cunkoson Ƙofar Wambai ya dawo. Yakan ce motar da ta iya lungun birni ta iya duniya. Ba wanda ya taɓa musa masa, don ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Ƙane ɗaya gare shi, Sabo, shi ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsu. Sabo direba ne, mai surutu da tsokana, har ranar da taya ta fashe masa wajen ba ta iska, ta illata masa kafaɗar dama. Hannun ya warke, amma ƙarfi bai dawo ba. Shekara uku yana zaune a benci a garejin yayansa, yana kallon wasu suna tuƙi. Dariyarsa ta ragu, ya rame. Abin yana cin ran Malam Hashim, ko da yake bai taɓa furtawa ba.

Bayan mulki ya dawo hannun farar hula, sai motoci 'yan Beljiyam suka yi ta kwararowa Kano. Cikinsu akwai wasu ƙanana masu wani irin sitiyari, ba famfo, ba mai. Wani ɗan inji ne na lantarki a jikin sandar, da ɗan akwati da ke jin yadda hannun direba yake murɗawa, sai ya umarci injin ya taya shi. Malam Hashim na ganin haka ya ce Sabo ya samu mota, tunda ba ta buƙatar ƙarfin hannu. Shi ya nemo masa ɗaya da kansa.

To, ashe da sauran aiki. Malejin motar a mace yake, kuma sitiyarin ya ƙi laushi. Maleji kuwa, don Allah wa ke kallonsa a cikin birni? Rabin motocin garin malejinsu bai taɓa motsi ba. Kwana tara Malam Hashim yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, har ya gano cewa akwatin yana jiran labarin gudun mota daga wayar maleji, kuma in bai ji komai ba sai ya janye taimakonsa. Ya kuma lura cewa in akwatin ya ji motar a hankali take tafiya, nan ne yake sakin duk ƙarfinsa. Ai fa shi ke nan. Bai tsaya gyara maleji ba, ya ƙulla wata dabara tasa wadda kullum take gaya wa akwatin cewa motar rarrafe take yi.

Ya zaga dutsen, ya kutsa Gwale, ya ratsa Wambai. Sitiyari kamar auduga. Sabo ya karɓa, ya juya shi da yatsa biyu, ya fashe da dariyar da aka shekara uku ba a ji ba. Wata biyu yana jigilar 'yan kasuwa a cikin gari, har ƙiba ya fara yi. Ba a taɓa ganin Malam Hashim cikin farin ciki irin na lokacin ba.

Ranar wata Laraba da hantsi Sabo ya ɗauki hanyar Gwarzo shi kaɗai, zai ɗauko kaya. Waɗanda suka gani sun ce titi fetal, ba rami, ba dabba. Ya ɗan kauce wa wani mai keke, motar ta yi wani irin lilo dama da hagu, ta wuntsila. Kowa ya ce hannun nan ne, da ma bai kamata ya koma tuƙi ba.

Maganar ba ta kwanta wa Malam Hashim ba. Kwana biyu Sabo na kwance a asibiti, Malam Hashim ya ari irin motar a wurin wani Alhaji Ilu, wadda ba a taɓa ta ba, ya fita bayan gari, abin da bai taɓa yi a gwaji ba. Ya taka. Yana ƙara gudu yana jin sitiyarin na ƙara nauyi a tafinsa, yana riƙe kansa, yana ƙin biye wa ɗan motsin hannu. Ashe da gangan aka yi shi haka. Akwatin yana sassautawa a lungu, yana ɗaurewa a kan titi, don kada ɗan karkace ya zama babba. Shi kuwa ya toshe wa na motar Sabo kunne. Ya tsaya a gefen hanya, ya kifa kai a kan sitiyarin, ya yi kuka kamar ransa zai fita.

Daga nan asibiti ya nufa, da niyyar ya faɗa. Ya tarar da Sabo ya farfaɗo, numfashi sama-sama. Kafin ya buɗe baki Sabo ya riga shi.

"Yaya, ka yafe mini. Ka yi aiki mai kyau, hannuna ya ɓata maka."

"Ba hannunka ba ne, Sabo. Ni ne."

Sabo ya yi ɗan murmushi, irin na wanda ya san ana lallashinsa. "Kai dai Yaya," in ji shi, ya lumshe ido. Kafin la'asar ya cika.

Malam Hashim ya gaya wa matar Sabo, Bahijja, ya gaya wa liman, ya gaya wa duk wanda ya zo gaisuwa. Ba wanda ya yarda. Cewa suke zafin rashi ne, aikin Malam Hashim ai ba ya ɓaci.

Har yanzu yana nan a gindin dutsen, ya tsufa. Kowace mota aka kawo, maleji yake fara dubawa, ko da birki aka zo gyarawa. Direbobi na yi masa tsiya a kan haka. Shi dai in ya gama gyara, sai ya karɓi makulli ya nufi hanyar Gwarzo gwaji.