Kakata ta mayar da GPU ɗina murhu

Ina shiga ɗaki na tarar da kakata ta miƙe ƙafafu a bayan kwamfutata, tana jan carbi.

Kwana uku ina kokawa da direban GPU, wato manhajar da ke tafiyar da na'urar da ke ƙara wa kwamfuta ƙarfin lissafi. In saka, allo ya yi baƙi, in cire in sake. Da ƙyar ya karɓa yau da safe, na kunna aikin horar da ƙirƙirarriyar basira, fankar kwamfutar ta hau huro zafi.

Na ce, "Hajiya, aikin digirina ne fa, jibi zan miƙa!"

Ta ce, "Maigida, kar ma ka gama. Tun da aka sa ka boko, sai yau na ci moriyarka. Sanyin Jos ya cinye min gwiwa."

Haka na ɗauko mata matashi, na zauna ina gadin waya kar ta shure.

Ku fa, wa ya taɓa raina muku karatu haka?