Kukar Maƙera da Unguwar 'Yan Gudu

Ranar nan matata na wanke sabon dankali a tsakar gida, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso, ni kuma ina riƙe da littafi a kan Kanazawa, wani tsohon birnin sarakunan yaƙi a ƙasar Japan. Wai wani talaka ne ya je wanke doyar daji a fadama, sai ya ga garin zinariya a ruwan, birnin ya samu sunan da ke nufin fadamar zinariya. Unguwannin da ke kewaye da gidan sarki kuwa, wasu sana'a ce ta raɗa masu suna, wasu wanda ya fara zama. Daga baya hukuma ta share da yawa don mai kai wasiƙa ya huta. Jikoki suka ce a maido masu abinsu, aka kuwa maido wasu.

Na rufe littafin. Mu ma muna da irin wannan tarihi, sai dai namu ba a kai shi maɗaba'a ba, a bakin kakata yake.

Ƙauyenmu na tsakanin Faskari da Sabuwa. In an gama yankan dawa, kakata takan tasa mu gaba zuwa kasuwar 'Yankara, gwaggona na biye da ƙwaryar daddawa a kai. Ba ta wuce wuri ba ta faɗi sunansa da dalilinsa ba. Ga Fadamar Ɓauna, inda ko a lokacin sai kwaɗi. Ga Dutsen Ɓoyo, inda kakanninmu ke shigewa in mahara sun zo. Sai Kukar Maƙera: kukar ta faɗi tun ba a haifi babana ba, maƙeran sun daɗe da tashi, amma in ka tona da yatsa sai ka ci karo da kashin maƙera, dattin narkakken ƙarfe, baƙi, mai nauyi. Na taɓa tambayarta ina kukar. Ta ce, "Kai ma in ka tahi, daina kiran sunanka za a yi?"

A nan aka rufe ta, kusa da iyayenta waɗanda ba su taɓa sallah ba. Gwaggo ta nuna filin da ke gefenta ta ce nata ne, kowa ya shaida. Wannan kaɗai ta taɓa roƙon mu.

Ka san sauran, ko ka ji a rediyo. Mahara sun dawo, wannan karon a kan babura, kuma Dutsen Ɓoyo suka zaɓa. Wurin da ya ɓoye mu shi ke ɓoye su. Muka taso zuwa garin Ƙanƙara da abin da kai zai iya ɗauka. Rediyo kuwa ta tattara duk sunayen kakata ta mai da su kalma ɗaya: daji.

Da gwaggo ta kwanta ciwo na ba ta labarin Japan don in ɗebe mata kewa. Ta saurara har ƙarshe.

"Da aka maido sunayen, mutanen na nan?"

Na ce suna nan, Gwaggo.

"To sun ji daɗi. Ni hwa, Malam, ba suna nika so a maido ba. Ni nika so a maida."

Ta rasu tsakiyar damina. Na bi masu mota ɗaya bayan ɗaya don a kai ta Kukar Maƙera, kowa ya yi mani ta'aziyya ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsu ba. Muka rufe ta a maƙabartar Ƙanƙara, cikin baƙi.

Inda muka sauka a bayan gari, masu babur sun riga sun raɗa masa suna: Unguwar 'Yan Gudu. Mun bi sahun Japanawa ke nan, sana'armu ta ba unguwarmu suna. Jiya jikata ta ce malaminsu ya tambaye su garin kowa, ita kuma wannan sunan ta faɗa. Na buɗe baki zan ce Kukar Maƙera, sai na tuna za ta tambaye ni ina kukar take, kuma ko filin da kukar ta faɗi ba zan iya kai jikar tawa ba.