Bunu da Akwatin Kifi

Bunu ɗan masunta ne daga Kirikasamma, a kan goran kamun kifi ya girma, amma mutanen Haɗejiya ba su taɓa ganin ƙafarsa cikin kogi ba. Tun shekarar da ruwa ya cinye ƙaninsa Isa a gabansa, ba a ko sami gawa ba, ya ajiye gora da taru ya shigo birni. Bai yi kuka ba a lokacin, bai yi daga baya ba. A ba shi tuwo ya ci, a gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Matarsa Ramatu takan ce ta auri mutum, an kawo mata inuwarsa.

Aikin lambu ya samu a gidan wani likita Bature. Wata rana aka sauke wa likitan akwatin gilashi daga jirgin ƙasa a Malam Madori, wai kifi za a sa a ciki, a zauna ana kallo. Bature ke nan, abin da kowa ke nema don miya shi don ido yake nema. Ya cika shi da ruwan rijiya garau, ya zuba kifi, kwana uku duk suka juya ciki sama.

"Ranka ya daɗe, kifi ba ya zama a ɗaki babu shimfiɗa," in ji Bunu.

Likita ya bar masa aikin. Bunu ya aika aka ɗebo masa laka daga fadama, don shi ba ya zuwa. Ya shimfiɗa ta, ya rufe da yashi, ya kwantar da saiwar giyayya a gefe. Doguwar ciyawa ta koma baya, gajera gaba, bado ɗaya a kusurwa, kainuwa kaɗan a sama don inuwa. Sai da ruwan ya yi mako ya kwanta sannan ya saki 'yan ƙananan karfasa. Suka rayu.

Masunci daga sama yake ganin ruwa. Wannan akwatin ne ya fara nuna wa Bunu cikinsa daga gefe: yadda haske ke saukowa tsakanin ganye, yadda ƙasan ke shiru. Ya ce a ransa, ashe irin wurin da Isa yake ke nan, ba laifi. Daga nan kullum sai ya tsuguna gabansa bayan la'asar. Ba daɗi yake ji ba, ba kuma ciwo ba, amma nan kaɗai yake iya zama bai ƙosa ba.

Da yaƙin Turawa ya tashi aka kira likita, ya bar wa Bunu akwatin. Mutum huɗu suka kai shi gida, aka ajiye a rumfa. Shekara uku yana rage kainuwa, yana goge gansakuka da ɓawon masara.

Sai aka yi sabon duba-gari, Abdulwahid, matashi mai kakin da guga ba ta bari ya huta. Ya leƙa randa, ya leƙa kwata, sannan ya tsaya kan akwatin.

"Baba, wannan ruwa ne kwantacce. Doka ta ce a zubar."

"Malam, duba da kyau," in ji Ramatu. "Ko tsutsar sauro ɗaya ka gani? Kifin ke cinye su."

Ya duba, bai ga komai ba. "Gaskiyarki, Iya. Amma takardata ba ta ce ban da mai kifi ba. Jibi zan dawo da kananzir in zuba a ciki."

Ramatu ta bi shi har zaure tana roƙo, ta dawo tana zage-zage. Ta so maigidanta ya yi faɗa ko sau ɗaya, ya ɗaga murya, ya fasa wani abu. Bunu ya ce, "To."

Washegari ya kwashe kifin cikin ƙwarya, ya tuge tsirran ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Ba wanda zai aika, don yara soya su za su yi. Ya kama hanyar kogi da kansa, shekara goma sha huɗu rabonsa da ita. A bakin gaɓa ruwan bai kai idon sawu ba, ga zalɓe na jira. Dole ya naɗe wando ya shiga har gwiwa.

Ruwan da sanyi. Ya jira ya ji wani abu ya taso masa a ƙirji, bai ji ba. Ya sunkuya ya dasa badon cikin laka da lalube, ya karkata ƙwaryar, kifin suka fice. Ya sa fuska dab da ruwan don ya ga inda suka nufa, amma ruwan kogi jajir yake, ko tafin hannunsa ba ya gani.

Masunta biyu suka wuce kan gorunansu, ɗaya ya ce, "Baba, me ya faɗa maka cikin ruwa? Mu taya ka nema."

"Ƙanena," in ji Bunu.

Suka dubi juna, suka ja gora suka yi gaba.