Gudaji da Baƙin Dajin Ruƙuƙi

Ranar Laraba, 16 ga Fabrairu 1977, ana shirin sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Gudaji Ladan baduku a gidansa da ke Gumel, bayan ciwon haƙarƙari da bai daɗe yana fama da shi ba. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Mutanen gari sun san shi da ɗinkin takalma da jakunkuna. Mu da muka tsufa a zaurensa, da wasan Dajin Ruƙuƙi muka san shi.

Malam, kai ka ƙirƙiro wasan nan, kuma ban taɓa ganin irinsa a wani gari ba. Kai ke riƙe da labarin, kowannenmu ya ɗauki mutum guda a ciki: ni falke, amininka Dogo maharbi, wani boka, wani maƙeri. Sai ka ce ga mu a bakin rijiya, ga aljana ta tare hanya tana neman sunan kakanmu, me za mu yi? Kowa ya faɗi dabararsa, a watsa 'ya'yan tsamiyar da ka kankare wa gefe ɗaya, su nuna ko dabarar ta ci. Ko goro ba ka yarda a ɗora a kai ba, don kada a kira shi caca. Da an kai amfanin gona gida sai ka buɗe sabon zango na labarin, muna yi bayan la'asar har saukar damina.

Ba zan manta da shekarar fari da yunwa ba, lokacin da mutanen arewa suka riƙa kwararowa ta Maigatari, ƙafafunsu duk faso. Ka ajiye aikin da aka ba ka, ka koma yi musu takalma da guntayen fata, wanda ya yi godiya ma sai ka ɓata rai. A cikinsu akwai Hamma, makiyayi daga Damagaram, wanda shanunsa suka ƙare kakaf. Kai ka sama masa aiki a majema, kai ka tsaya masa har ya zama ɗan gari.

Shekara tana bin shekara, wasan ya yi ta kauri. Aljanun dajin suka zama dangi-dangi, kowane da gaisuwarsa da abin da ya haramta. Rantsuwar da mutum ya yi a zangon farko tana iya tare shi a zango na shida. Mu tsofaffin hannu abin ya yi mana daɗi ƙwarai, Dogo kuwa ya fi sanin zuriyar aljanun nan da ta gidansu, na sha faɗa masa haka. Amma baƙo in ya zo, ko da daga Sule Tankarkar ya tuƙo keke don ya ji labarinmu, sai ya zauna kamar wanda aka kai kotu. Ya buɗe baki mu yi masa ca, gobe ba za a sake ganinsa ba. Zauren da a da ba ya ɗaukarmu ya koma 'yan tsiraru, kowa da furfurarsa.

Wannan ya dame ka, ka kuma faɗa mana ba ɓoye-ɓoye cewa in muka mutu wasan ya bi mu. Wasu suka ce a datse dokokin a koma yadda aka faro. Dogo ya ce a bar su yadda suke, wanda bai iya ba ya tafi dara. Ka ƙi duka biyun. Mahaifinka fatoma ne, mai saukar da baƙin 'yan kasuwa, a kasuwar dabbobi ta Maigatari, a gidansa ka ga yadda baƙon ɗan kasuwa ke sauka bai san kowa ba, ya yi harkarsa lafiya, domin mai masaukinsa ya san gari kuma shi ke ɗaukar laifinsa. Sai ka ce haka za a yi a daji. Ba za a cire doka ko ɗaya ba, ba kuma za a tilasta wa baƙo ya haddace su ba. Kowane tsohon hannu zai ɗauki baƙo, ya riƙa yi masa jagora, in baƙon ya taka doka hukuncin ya hau kan mai masauki.

Ranar da aka fara, farkon ranin nan, Hamma ka ba Dogo. Dogo ya karɓe shi yana cin magani, bai gaya masa komai ba. Da aka iso rijiya, Hamma ya yi abin da kowane makiyayi zai yi, ya ce ya zura guga. Bai san ana fara gaida masu rijiyar ba. Ka watsa 'ya'yan tsamiya, ka ce aljanu sun karɓe bakan maharbi, bakan da Dogo ke riƙe da shi tun zangon farko.

Dogo ya nemi a janye, ya ce kuskuren wanda bai sani ba ne. Ka ce, “Kai ka sani, Dogo, kuma kana kusa da shi ka yi shiru.”

Ya miƙe ya ce ka ɓata wasa don neman jama'a, ya rantse ba zai ƙara taka zauren ba. Bayan 'yan kwanaki ya tattara ya koma Gagarawa wajen sayen hatsinsa. Zaure ya cika da sababbin fuskoki kamar yadda ka so, amma kai ba ka ƙara dariyar kirki ba. Na yi ta kai kawo tsakaninku, kowa ya ce ɗayan ya fara magana. Taurin kanku iri ɗaya ne, shi ya sa kuka yi shekara talatin tare.

Da ciwo ya kwantar da kai, ka riƙe hannuna ka ce, “Zailani, wasan na gyara ko aminina na kora?” Na aika wa Dogo saƙo ta bakin wani direba, muka yi ta kallon ƙofa, har Allah Ya yi ikonSa bai zo ba. Na ji haushinsa a maƙabarta, ba zan ɓoye ba.

Washegari da hantsi muna zaman makoki sai ga Dogo ya ɓullo daga tasha, fuskarsa a sake, da wasu mutum biyu a bayansa. Ashe saƙon bai isa gare shi ba. Ya ga tabarmi da taro, ya tsaya cak, ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya yana neman taka. Da ya gane, sai ya zauna a bakin tabarma. Sai da aka ba shi ruwa ya iya magana, ya nuna mutanen nan ya ce manoma ne daga Gagarawa, ba su san doka ko ɗaya ba, da gangan ya ƙi koya musu.

“Baƙina ne,” in ji shi. “Na kawo su ne ya ga na yarda.”

Wannan ita ce amsar tambayarka, Malam, ta iso kwana ɗaya bayan ka tafi.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Rahamatu, da 'ya'yanka Sauda da Ummu, da ƙanwarka Lauratu da dukkan dangi na Gumel da Maigatari, Allah Ya ba su haƙurin wannan rashi. Ina kuma roƙon duk wanda ya zo gaisuwa ya tsaya wajen Dogo ya yi masa ta'aziyya kamar ɗan gida, domin tun ranar nan yana bakin zauren, ya kasa shiga, ya kasa tafiya. Allah Ya sanyaya masa zuciya, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Zailani Ɗantsoho, Gumel