Mai Riga Ni Shiga Tafki

Warin laka ne, irin wanda ke tashi idan aka taka ƙasan tafki aka motsa abin da ya daɗe a kwance: ruɓaɓɓen ganye, kashin shanu, da wani ɗan ƙarni kamar na kifi ko da babu kifi a wurin. Ranar da na daina iyo shi ya tare ni a bakin ruwa, ya biyo ni har gida. Yau ma idan ruwan sama ya kwana a kwatami na zo wucewa, sai in sake jin warin nan.

A Kalgo abin ya fara, ina aji biyu a jami'a. Wata rana ina kwance ina latse-latsen waya sai na ci karo da wasu mata suna fitowa daga ruwa a guje, suna haye kekuna, daga baya su ajiye kekunan su ci gaba da gudu a ƙasa. Gasa ce guda mai wasa uku a jere: iyo, keke, gudu. Na nuna wa wadda muke ɗaki ɗaya da ita, 'yar masunta ce, mai yawan dariya. Ta kalla ta ce, "Wa ya aike su? Wannan ai wahala uku ce." Sunan da muka riƙe ke nan. Ni ba cin gasar ne ya ja ni ba. Lokacin nan da mace ke ɗagowa daga ruwa, yana zuba daga jikinta, tana tangaɗi kamar yau ta fara koyon tafiya, shi nake maimaita kallo.

Ita ta koya mini iyo, a fadamar bayan gari inda mata ke wanki, ruwan iyakarsa ƙirji. Tana riƙe da cikina tana yi mini tsiya. "'Yar tudu, sauke kanki! Kina iyo kamar akuyar da ta faɗa rijiya." Kafin zangon ya ƙare na iya, ko da yake kan nan nawa bai taɓa yarda ya sauka sosai ba.

Sai malamai suka tafi yajin aiki, muka watse. Na koma gida Gwandu damina na tsakiyarta, gero ya fi mutum tsayi.

Garinmu ya ba ni biyu daga cikin ukun nan ba tare da rowa ba. Wurin gudu har ya yi yawa. Ana sallame asuba nakan sa dogon wando da hijabi iya gwiwa, in bi hanyoyin ƙafa da ke ratsa gonaki ta wajen Dalijan, rairayi mai sanyi yana shanye tafin takalmina. Matsalar kawai mutane. A wurinmu mace ba ta gudu sai da dalili, don haka duk wanda na haɗu da shi sai ya dubi bayana tukuna. Wani tsoho da fartanya a kafaɗa ya taɓa tsayar da ni, ya ce, "Ɗiyata, mi ya koro ki? Kare ne ko mahaukaci?" Keke kuwa na Baba ne, wanda ya jingine a zaure tun da ya sayi babur. Da na gaya masa abin da nake so, dariya ya yi har da tari, ya ce in je, amma da sassafe, kuma da sutura. Hanyar Kambaza ta karɓe ni. 'Yan kabu-kabu na wuce ni suna ihu, "Hajiya, a ƙara mai!"

Ruwa ne babu. Abin da muke da shi wani rami ne a bayan gari, inda masu aikin hanya suka taɓa ɗibar ƙasa suka tafi suka bar shi. Da damina yakan cika, bado ya rufe rabinsa, da hantsi makiyaya su kawo shanu. Lokacin kaka na shigowa zai fara janyewa. Na san idan ina son in haɗa ukun nan a jikina ko da sau ɗaya, to cikin makonnin nan ne. Sai na juya tsarin: in fara da gudu, in hau keke in yi dogon zagaye, in ƙare a tafkin rana na ɓullowa, kafin shanu su iso.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna. Wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke," ko "yarinyar nan," ko ta yi magana da bango alhali da ni take. Ƙannena suna kwanciya a cinyarta, ni a ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, na girma. Kunya ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma sani bai hana ni jira ba. Na san daga wani ƙauyen masunta kusa da Kalgo aka auro ta, sai dai ban taɓa jin ta yi zancen ruwa ba, in ban da na randa.

Ranar da na faɗa a tsakar gida cewa zan fara shiga tafkin, da ƙarfi na faɗa, don ta ji. Tana tankaɗe. Na so ta ɗago ta ce kada in je. Wallahi da ta faɗa, da na bari, kuma da na yi murna. Hannunta bai ko tsaya ba.

Kaka ce ta yi magana. "Ke wagga, kwaɗo kike son zama? Uban wani ya ce miki ana samun miji a cikin ruwa?"

"Idan na samo, ke zan kawo wa, Kaka. Kin daɗe ba ki da shi."

"Ja'ira. Ni na gama nawa a kan tudu."

A makon farko ban lura da komai ba sai sanyin ruwan da bugun zuciyata. Daga baya na fara gani. Ruwan da ya kwana ba a taɓa shi ba yakan kwanta, sama-samansa ya yi haske. Wannan kullum a gurɓace nake tarar da shi, laka na yawo a ciki, warin nan na tashi. Kuma a tsakiyar badon akwai hanya, siririya, miƙaƙƙiya daga wannan gaɓa zuwa waccan, faɗin kafaɗun mutum. Bado yakan haɗe da kansa cikin yini, amma kowace safiya hanyar na nan a buɗe. Na riƙa bin ta don ta fi sauƙi, ina gaya wa kaina iska ce.

Sai kayan bakin ruwa. Wata safiya na ga gindin fasasshiyar kwalba a ajiye kan dutse, a jiƙe. Wata rana reshen ƙaya mai tsawo, baƙi ƙirin don daɗewa a ruwa. Wata rana guntun ƙarfe mai tsatsa, irin wanda masu aikin hanya ke bari. Ba yasar da su aka yi ba, an jera su ne a gefe guda, nesa da inda nake ajiye takalmina. Kusa da su akwai sawun ƙafa, ba takalmi, ya fito daga ruwa ya shige cikin gero. Ban taɓa ganin sawun shigarsa ba, sai na fita kawai. Yanzu na san ta kan duwatsu ake iya shiga. A lokacin ban yi wannan tunanin ba.

Na gaya wa Kaka. Ta ajiye goronta, wasan ya bar fuskarta.

"Wanga rami, tun da anka haƙa shi ba a yanka komi ba. Kowane ruwa da mai shi. In ya share miki hanya, ba don Allah ya share ba."

"Kaka, ni fa 'yar jami'a ce."

"To. Ki gaya mishi haka in kun haɗu."

Inna na bakin murhu, ta juya mana baya. A kwanakin nan tana ɗingishi, da tsumma ɗaure a ƙafarta ta hagu. Kaka ta tambaye ta, ta ce kututturen dawa ne ta taka a gona, wurin tsinko tafasa. Kullum da sassafe takan fita tsinkar ganyen miya, ba wanda ya ga baƙon abu a ciki.

Na ci gaba da zuwa, amma daɗin ya ragu. Ina iyo ina jin ido a bayan wuyana. Idan na ɗago kai, gero ne kawai, yana kaɗawa ko da babu iska. Na koyi karanta addu'a da baki rabi a cikin ruwa. Kowace safiya kuma bakin tafkin yana ƙara ja da baya, yana barin zoben busasshiyar laka.

Ranar da na ƙudura zan haɗa su duka da tsawonsu, na yi gudu fiye da kullum, na kai keken nesa fiye da kullum. Na iso tafkin a gajiye. Warin ya fi na kowace rana ƙarfi, ruwan ma bai gama lafawa ba, ƙananan igiyoyi na taɓa gaɓa kamar yanzu aka fita. Na shiga. Ina tsakiyar hanyar badon, inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa, sai jijiyar ƙwaurina ta ɗaure. Na nutse, na sha ruwa, na ɗago ina tari, na sake nutsewa. Ban yi ihu ba, babu numfashin yin sa.

A nan na ji shi. Karan gero suka kakkarye a bayana, sannan wani abu mai nauyi ya faɗo ruwan. Ba irin faɗuwar saniya ba, ba kuma fantsama irin ta yara ba. Ya shiga sau ɗaya, sai shiru. Na ji ruwan na turo ni daga ƙasa, abin na tahowa ta ƙarƙashi.

Tsoro ya kwance mini jijiyar. Ban san yadda na kai ɗaya gaɓar ba. Na rarrafa na fita, na zagaya ta cikin gona na fizgi keken, na bar takalmina a can. Ban waiwaya ba ko sau ɗaya.

Na tarar da gida shiru, Kaka na barcin safe, Inna ba ta nan. Na kwanta da jiƙaƙƙun kaya. Can da hantsi na ji shigowarta, na ji ta ajiye ƙwarya, ta tsaya a bakin ƙofa. Warin laka ya cika ɗakin, na ɗauka daga jikina yake.

"A gaya wa yarinyar nan ta canza kaya," in ji ta, da Kaka take.

Shi ke nan abin da ta ce. Na juya fuskata ga bango na yi kuka, ba don tsoron ba.

Zazzaɓi ya riƙe ni kwanaki, Kaka na tofa mini addu'a tana cewa ai ta faɗa. Da na tashi na ga takalmina a zaure, an wanke su. Na ɗauka wani makiyayi ne ya gane su ya kawo, wannan ma ya ba ni tsoro. Ban koma ba. Tafkin ya bushe, aka janye yajin aiki, na koma Kalgo. Abokiyata ta yi ta ja na zuwa fadama, na ce mata sanyi ke damuna. Gudu na riƙe shi, keke ma lokaci-lokaci. Ukun ba su sake haɗuwa ba.

Inna ta rasu bayan na gama karatu na fara koyarwa. Ciwon bai daɗe ba. Har ta tafi ba ta kira sunana ba.

Shekaru sun shuɗe kafin wani biki ya kai ni ƙauyensu. Na sami Kawu, yayanta, a gindin bishiya yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Can ƙasa 'yan mata na ta faɗawa gulbi suna shewa. Ya ga ina kallonsu.

"Har yanzu kina ɗaga kan nan in kina iyo?"

Na ce, "Kawu, wa ya ce maka na taɓa iyo?"

"Uwarki mana. Ta ce kin iya, ƙarfi gare ki, amma kai sama kamar akuya." Ya yi dariya, ya ciji zaren. "Ita kam ai ba a magana. Tun tana budurwa, in koma ta maƙale a ƙasa ita muke turawa, maza na tsaye. Shekarar da kika sa rigimar nan ta zo nan da ƙafa a kumbure, ni na cire mata guntun kwalba. Na ce mi ya kai ki, da girmanki? Ta ce ramin ƙazanta gare shi, ba ta barin ɗiyar ta shiga sai ta bi ƙasanshi da hannu."

Ya ɗago ya dube ni, allurar ta tsaya.

"Au. Ba ta gaya miki ba?"

Kowace safiya ta daminar nan, ina fita gudu take bin gajeriyar hanya ta cikin gona. Ta shiga ruwan kafin ni, ta tsince shi, ta buɗe badon da jikinta, sannan ta zauna a cikin gero da jiƙaƙƙen zane har in fito.